Farar Ƙwayar Tahidu Wanzam

Tahidu Wanzam ya gaji aska daga ubansa, uban kuma ya zo da ita daga Salaga tun Tamale ba ta cika ba. A Sabonjida yake zaune da matarsa Rakiyatu da 'ya'yansu. A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar darbejiya, a gindinta yake shimfiɗa buzu kowace safiya, ya buɗe zabira, ya jera asake da ƙaho da dutsen wasawa, ya ajiye ƙoƙon ruwa a gefe. Aski ne sana'arsa ta yau da kullum, amma sunan da ya yi da kaciya ya yi shi. Daga Sabonjida har Changli, har gonakin Gumani, idan aka haifi namiji shi ake aika wa ranar suna. Mata suna cewa hannunsa na da sanyi, kafin jariri ya ja numfashin kuka ya gama.

A daminar shekarar da aka sauke tutar Bature aka ɗaga mai baƙin tauraro, yana dawowa daga wani suna a Gumani a kan kekensa, taya ta zame a laka, ya faɗi ya bugi dutse da gefen kai. Manoma suka ɗauke shi suka kawo gida. Ya yi kwanaki yana fama da jiri, kumburin ya sace, ya koma gindin darbejiya. Kowa ya manta da zancen, har shi kansa.

Bayan an girbe dawa abin ya zo. Wani hantsi yana yi wa Ɗankande mai goro gyaran fuska, sai ya ji wari kamar ana ƙona tsumma. Ya ɗaga kai yana neman inda hayaƙi yake. Iyakar abin da ya sani ke nan. Da ya farfaɗo sai ya gan shi kwance a ƙasa, harshensa na zafi, rigarsa duk ƙura, Rakiyatu durƙushe a kansa tana goge masa baki da bakin zanenta. Mutanen da ke jiran aski sun ja baya can jikin katanga. Ɗankande na tsaye da rabin gemu, yana riƙe da kunnensa inda aska ta ɗan shafa.

Wata tsohuwa daga nesa ta ce, "Rakiyatu, bar taɓa kumfar nan! Ana ɗauka!"

Rakiyatu ba ta ko waiwaya ba. Ta ce, "To in ɗauka, Mma. In na bar shi wa zai ɗaga shi?"

Kafin la'asar duk unguwa ta ji cewa wanzam yana da farfaɗiya. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Ana gaishe shi yadda aka saba, sai dai daga nesa kaɗan, hannu a ƙirji maimakon musafaha. Buzun kuwa ya zauna ba kowa. Masu aski suka koma wajen Zubeiru, wani wanzamin da ke bayan kasuwa, wanda a da sai Tahidu ya yi tafiya ake tunawa da shi.

Tahidu mai magani ne shi ma, ya san saiwoyi, ya san inda ake kafa ƙaho. Da kansa ya fara. Ya jiƙa abin da ya sani ya sha. Aka yi masa rubutu ya sha. Wani Badagombe mai magani daga wani ƙauye ya ba shi turare ya ce ya lulluɓa da bargo ya shaƙa, ya shaƙa har idanunsa suka yi ja. Duk da haka ya sake faɗuwa a bayan gida, ya sake faɗuwa a alwala, kuma kowane karo sai warin tsumman nan ya riga zuwa.

A cikin masu zuwa aski da akwai Wumpini, wani Badagombe mai haɗa magani a asibiti. Shi kaɗai bai sauya wuri ba. Wata Lahadi ya jingine kekensa a jikin darbejiya, ya cire hula, ya zauna a kan buzu.

Tahidu ya ce, "Masta, ba ka ji labari ba ne?"

"Na ji. Kaina ya cika, ka aske." Hausarsa irin ta kasuwa ce, gajera, ba ado. "In ka ji wannan warin, ka ajiye aska kawai. Ni ba na tsoro. A asibiti kullum ina taɓa masu shi, ga ni nan."

Tahidu ya jiƙa masa kai, ya aske shi tas. Da ya gama Wumpini ya shafa ƙeya ya ce, "Gobe ka zo asibiti. Akwai ƙwaya."

"Ni na sha na gaba da ƙwaya."

"Ka sha. Ya tsaya?"

Tahidu ya goge askarsa ya mayar cikin zabira. Bayan baƙon ya tafi, Rakiyatu, wadda ta ji komai daga zaure, ta fito ta ce, "Maigida, dama an ce wanzami ba ya son jarfa. Shekara nawa kana danne mutane kana tsaga su kana cewa su yi haƙuri? Gobe tare za mu je."

Likitan saurayi ne daga kudu, bai jima da zuwa ba, ba ya jin Hausa, ba ya jin Dagbanci, yaren mutanen garin. Wumpini ne ya tsaya a tsakani. Likita ya tambayi yadda abin ke farawa, ya laluba gefen kan Tahidu har ya sami wurin da ya lotsa, ya tambayi labarin keken. Ya ce ciwon ba iska ba ne, ba kuma a ɗaukarsa. Tabo ne a cikin kai. Sannan ya rubuta takarda, Wumpini ya je ya dawo da ƙwayoyi farare a cikin 'yar kwalba, ƙanana, ba su kai ƙwayar wake ba. Ya faɗi sunansu, fenobabiton. Tahidu ya gwada maimaitawa, harshensa ya ƙi, daga ranar sai ya riƙa ce mata farar ƙwaya.

Ya juya kwalbar ya ce, "Kwana nawa zan sha in warke?"

Wumpini ya mayar wa likita, ya saurari amsa. "Ya ce ba kwana. Kullum ne, safe da yamma. In ya kusa ƙarewa ka zo ka karɓi wani."

"Har yaushe?"

"Wataƙila shekaru. Wataƙila har mutuwa."

Tahidu ya ajiye kwalbar a kan tebur. "Masta, tambaye shi. Magani a wurinmu, ka sha ya fitar da cuta, ko ta gumi ko ta ciki, shi ke nan ku rabu. Wanda ba ya fitar da komai, ba a kuma rabuwa da shi, wane irin magani ne?"

Likita ya yi murmushi da ya ji fassarar, ya yi magana mai ɗan tsawo. Wumpini ya taƙaita. "Ya ce ba ya fitarwa, dannewa yake. In ka sake shi rana ɗaya biyu, ciwo zai tashi, wani lokaci ya fi na da. Kuma zai sa ka barci."

Rakiyatu ta miƙa hannu ta ɗauki kwalbar, ta ƙulle a bakin zane.

Ita ta riƙa ba shi, ɗaya da kokon safe, ɗaya bayan magariba. Faɗuwa ta tsaya. Wata ya wuce, wani ya bi, ba wari, ba kumfa. Amma barcin da aka faɗa ya zo da nauyinsa. Tahidu, wanda a da tun asuba bakinsa ba ya hutawa, ya koma mutum mai jinkirin amsa gaisuwa. Yakan zauna yana wasa aska, sai kai ya sunkuya, dutsen ya zame daga cinyarsa. Ya ce wa Rakiyatu ji yake kamar an naɗe masa kai da jiƙaƙƙen zane. Hannun bai daina iya aiki ba, amma tsakanin ido ya gani da hannu ya motsa akwai wani ɗan jira da shi kaɗai ya sani.

Mutane suka fara dawowa kaɗan-kaɗan, tsofaffi da farko, waɗanda suka ce askar Zubeiru tana cizo. Suna kuwa ba a kira shi ko ɗaya ba.

Ana nan, bayan Babbar Salla, sai ga Imoru direban lori daga Changli. Uban Tahidu ne ya yi wa Imoru kaciya, Tahidu kuma ya yi wa 'ya'yan yayyen Imoru duka. Imoru ya zauna a bakin buzu, ya ajiye goro, ya ce matarsa ta sauka, namiji, na farko bayan mata.

Ya ce, "Baba Wanzam, gidanmu ba mu san wata aska ba sai ta gidanku. An ce mini ka warke."

"An danne dai."

"To. Ni na gan ka lafiya. Ranar Alhamis ne suna."

Tahidu ya karɓi goron. Bayan Imoru ya tafi ya daɗe yana duban hannunsa. Ya san aikin: fatar jariri ba ta jira, abin da za a yi a ƙiftawar ido ake yi. Da wannan nauyin a kai ba zai yarda da kansa ba. Kuma watanni ke nan bai faɗi ba. Ya ce a ransa, ai ko tabo ne, yanzu ya kamata a ce ya warke. Zai ajiye ƙwayar zuwa Alhamis kawai, kai ya washe, ya yi aikinsa, ya koma sha.

Da yamma Rakiyatu ta miƙo masa, ya kai hannu baki kamar ya jefa, ya kurɓi ruwa, ƙwayar na tsakanin yatsunsa. Daga baya ya sa ta a ƙaramin aljihun zabira. Haka ya yi washegari, da ranar da ta biyo.

Kan ya washe kuwa. Ya tashi da wuri, ya share gindin darbejiya da kansa, ya yi wa masu aski labari har suna dariya. Barcin dare ne ya ragu, amma ya ce murna ce. Rakiyatu ta dube shi ta ce, "Kwana biyun nan ka dawo kamar da."

Ya ce, "Jiki ne ya saba da magani."

Ranar Alhamis ya sa farar riga, ya rataya zabira, ya tafi Changli da ƙafa, don tun hatsarin ya sayar da keken. Gidan Imoru cike yake. Maza a waje kan tabarmi, malamai sun raɗa suna, ana raba goro da masa, mata a ciki suna ta kai da komo da tukwane. Aka shigar da shi wata rumfa a bayan ɗakin maijego. Gwaggon jaririn ta zauna a kan turmi ta kwantar da yaron a cinya. Tahidu ya fara da askin suna, ya sauke gashin sumul, matan da ke leƙe suka yi guɗa. Ya wanke hannu, ya ciro ƙaramar askar kaciya, ya gwada kaifinta a farcensa. Gwaggo ta buɗe zanen yaron, ta riƙe ƙafafunsa.

Sai ya ji warin tsumma.

A tsakar gida ana ta hura wuta, hayaƙi ko'ina. Zai iya zama na murhu. Ya tsaya da askar a hannu, ya sake shaƙa. Ba daga waje yake zuwa ba.

Ya ajiye askar a ƙasa, ya tura ta da ƙafa can ƙarƙashin turmi. Ya ce, "Mma, ɗauke yaron. Tashi da shi. Yanzu."

"Me ya faru, Wanzam?"

"Tashi!"

Ta rungume jaririn ta miƙe. Tahidu ya ja da baya, ya nemi zama, bai kai ƙasa da kansa ba.

Da ya dawo hayyacinsa, rumfar ba kowa sai Imoru, wanda ya naɗe babbar rigarsa ta suna ya tura masa ƙarƙashin kai, ya kuma juya shi ya kwanta ta gefe kamar yadda ya taɓa gani an yi wa wani fasinja a Yeji. An ce wannan faɗuwar ta fi duk na baya tsawo. Hayaniyar gidan ta mutu, sai kukan jariri daga ɗaki.

Abin da Tahidu ya fara cewa shi ne, "Yaron?"

"Ba abin da ya taɓa shi. Yunwa yake ji."

"Aika a kira Zubeiru. Kada rana ta yi zafi."

Aka kira Zubeiru, ya zo ya yi aikin. Imoru ya kawo Tahidu gida a gaban lorinsa, da za su rabu ya ce, "Laifina ne da na matsa maka." Tahidu ya ce ba laifinsa ba ne, ya sauka.

Rakiyatu ta riga ta ji. Ta ba shi ruwa, ta karɓi zabirar za ta rataye, sai ta tsaya, ta zazzage ta a kan tabarma. Ƙwayoyin suka gangaro tare da asake. Ta tsince su ɗaya bayan ɗaya ta tara a tafin hannu.

Ta ce, "Da hannuna nake ba ka."

"Na sani."

"Da ɗan mutane a gabanka."

"Na sani, Rakiyatu."

"Da ka ce mini barcin ya dame ka, da mun koma mun faɗa musu. Bakinka ciwo yake?" Ba ta ɗaga murya ba. Ta ware guda ta miƙa masa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye, ta ce ya buɗe baki ta gani. Ya buɗe.

Da suka koma asibiti, Tahidu ya faɗi abin da ya yi ba tare da ya rage ba. Likita bai yi faɗa ba. Ya tambayi yadda barcin yake, da lokacin da ya fi nauyi, sannan ya ce a haɗa ƙwayar duka a sha da dare kafin a kwanta, don mafi yawan nauyin ya ƙare a kan shimfiɗa. Ya ce da wannan ma ba zai yi masa alkawarin ba zai ƙara faɗuwa ba. Tahidu ya tambaya ko zai iya komawa kaciya. Likita ya ce wa Wumpini wani abu.

Wumpini ya ce, "Ya ce kai ka fi shi sanin aikin. Ya ce in ɗanka ne, za ka ba mutum irinka?"

Washegari Tahidu ya naɗe ƙaramar askar da ƙarfen cire beli a cikin ƙyalle, ya tafi bayan kasuwa. Zubeiru ya miƙe da ya gan shi, ya rasa inda zai sa ido. Tahidu ya ajiye ƙunshin a kan buzunsa.

Ya ce, "Na ubana ne. Ƙarfen Salaga ne, ba ya son dutse mai kaushi. Kuma ka rage gaggawa wajen ɗaurewa, na ga aikinka a kan ɗan Imoru. Yankan ya yi, ɗaurin ya yi tsauri."

Zubeiru ya ce, "Yaya, ai da ka riƙe. Allah na iya kawo sauƙi."

"In ya kawo na san inda kake."

Labarin Changli ya sake kore masu aski. Wasu suka ce ya kusa yanka jariri, wasu suka ce a'a, shi ya ceci jaririn da bakinsa. Gwaggon yaron ta bi gida-gida tana faɗin yadda aka yi, amma ko waɗanda suka yarda da ita ba su kawo kawunansu ba. Rakiyatu ta fara soya ƙosai a ƙofar gida, da shi aka ci abinci a wannan rani.

Wumpini ne ya sake zuwa da magana. Ya ce a ɗakin maza na asibiti akwai masu doguwar jinya, gashi ya rufe su, ƙwarƙwata ta dame su, kuma kafin a yi wa mutum aiki sai an aske wurin. Ma'aikata ba su da hannu, suna yanka mutane. An yarda a ɗauki wanzami. Ya ƙara da cewa, "Kuma in ka faɗi a can, ka faɗi a wuri mai kyau."

Haka Tahidu ya fara zuwa asibiti da zabirarsa, ban da Juma'a. Aka ba shi farar riga mai maɓalli, aka koya masa tafasa asake a tukunya kafin ya taɓa kowa, abin da ya yi ta gunaguni a kai da farko yana cewa yana kashe kaifi. Sauyin lokacin ƙwayar ya taimaka. Da safe kan yana da nauyi har hantsi, daga nan ya sake shi. A shekarun da suka biyo ya faɗi wasu lokuta, ba da yawa ba, kuma warin bai taɓa fasa yi masa gargaɗi ba. Mutanen Sabonjida wasu sun dawo gindin darbejiya da yamma, wasu har suka mutu ba su dawo ba. Kaciya bai ƙara yi ba.

A shekarar da aka ce ƙasa ta zama jamhuriya, aka kwantar da wani maƙeri mai suna Kadiri a gadon da ke kusa da taga. Farfaɗiya ta kayar da shi a bakin wutar maƙera, hannunsa na dama ya ƙone har kafaɗa, don waɗanda ke wurin sun tsaya jiran ta sake shi kafin su ja shi. Gashin kansa ya yi tsawo ya cukurkuɗe, gemu ya haɗe da saje. Da Tahidu ya ajiye ƙoƙon ruwa a gefen gadon, mutumin ya kau da kai.

Ya ce, "Malam, wuce na gaba. Ba a faɗa maka abin da ke damuna ba."

"An faɗa mini."

"A garinmu wanzami ba ya taɓa ni. Da almakashin tumaki uwata take rage mini."

Tahidu ya sa hannu a aljihun farar rigar, ya ciro 'yar kwalbarsa, wadda ya zo sabuntawa a ranar, ya girgiza ta. "Irin wannan suka ba ka?"

Kadiri ya dubi kwalbar, ya dubi askar da ke ɗaya hannun. "Kai ma?"

"Ni ma."

"Kuma suka bar ka da aska?"

"Suka bar ni. Ɗago kanka."

Ya tallafo ƙeyarsa, ya jiƙa gashin, ya murza sabulu har ya yi laushi, ya fara daga goshi. Gashin ya riƙa zubowa dunƙule-dunƙule a kan ƙyallen da ya shimfiɗa. Kadiri ya rufe ido. Can ya ce, "Tun da suka fara ba ni nake barci kamar mushe."

"Zai ragu. In bai ragu ba ka faɗa wa Masta Wumpini, mai gajeren wandon nan, kada ka yi dabara da kanka. Maƙera fa?"

"Ban san wani aiki ba."

"Akwai mai zuga, akwai mai riƙe wuta, akwai mai wasa lauje a waje cikin inuwa. Ka bar bakin wutar wa wani. Kana da ƙane?"

"Akwai. Malalaci ne."

"Zai koya. Juyo nan."

Ya gama kan, ya goge askar, ya koma gemu. Kadiri ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya tare. "Bar mini gashin baki. Matata za ta zo ranar kasuwa, kada ta wuce ni."

Tahidu ya bar masa, ya daidaita gefe da gefe, ya ɗauraye masa fuska. Ya tattara ƙyallen da gashin a ciki, ya jefa askar a tukunyar tafasa, ya ɗauki wata. Mutumin gado na gaba, wani tsoho mai karyayyar ƙafa, ya riga ya cire hularsa yana jira.